Yadda Ake Zaɓen Madubin Bindiga na Almuru Don Kare Garke Daga Koyoti

Koyoti ɗan'uwan dila ne, sai dai ya fi shi jiki, kuma a nahiyar Amurka ta Arewa yake rayuwa. Nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 20, na jihohin gabas sun fi na yamma girma. A ƙididdigar Ma'aikatar Noma ta Amurka, fiye da rabin tumaki da 'ya'yansu da namun dawa ke kashewa a ƙasar aikinsa ne. Ba kasafai yake faɗa wa garke da rana tsaka ba. Lokacinsa shi ne almuru, da cikin dare, da duku-dukun asuba, kuma ɓarnarsa ta fi yawa daga watan Afrilu zuwa cikin lokacin zafi na can, lokacin da yake da 'ya'ya a rami, tumaki kuma suna da nasu ƙanana. Saboda haka makiyayin da zai sayi madubin hange na bindiga, ba don hasken rana zai saya ba. Kowane madubi yana da kyau da azahar. Kuɗinka na wannan rabin sa'ar ne da ke bayan faɗuwar rana, da 'yar'uwarta da ke gabanin fitowarta.

Kafin ka je kanti

Fara da gawar. Koyoti a maƙogwaro yake kamawa, bayan muƙamuƙi, ƙasan kunne. Idan ka feɗe fatar wuyan za ka ga ramukan fiƙa da jinin da ya taru a ƙarƙashi, sannan yawanci ta kwiɓi yake buɗe dabbar ya fara da kayan ciki. Karnukan gida ba haka suke yi ba: suna yayyaga cinyoyi da kunnuwa da gindi, su raunata dabbobi da yawa, su ci kaɗan ko su bari. Idan kuma babu taruwar jini a ƙarƙashin cizon, dabbar ta riga ta mutu kafin a ci ta, wato mushe koyotin ya tarar. Wanda bai bambance waɗannan ba zai iya kashe kuɗi a kan madubi alhali karen maƙwabci ne ke masa ta'adi, ko cuta.

Sai doka. A Amurka kowace jiha da tata. Texas ta yarda a harbi koyoti da dare a fili mai zaman kansa, kuma ba ta neman lasisin farauta idan dabbar na kai wa dabbobin gida hari. Kansas ta fara ba da takardar izini ta musamman ta amfani da fitila da na'urorin ganin dare a 2021. Wasu jihohin sun taƙaita sa'o'i, wasu sun hana fitila ko na'urar dare gaba ɗaya. Kira hukumar namun dawa ta jiharka ka ji, domin amsarsu ce za ta nuna maka ko madubin gilashi kaɗai za ka nema ko da ƙari.

Daga nan ka fita fili da na'urar auna nisa. Tsaya a wurin da za ka riƙa fakewa, ka auna zuwa kusurwar shinge, da bakin kwari, da ramin da suke bi ta ƙarƙashin waya, inda za ka ga gashi ya maƙale. Rubuta alƙaluman. Yawancin masu yin wannan sukan tarar harbinsu bai wuce yadi 50 zuwa 200 ba. Wannan takardar ita ce za ta hana mai kanti ya sayar maka da madubin masu gasar harbin nesa.

Lambobin da ke jikin madubi

Idan ka ga an rubuta 3-9x40, ma'anarsa madubin yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40 ne. Daga waɗannan biyun ake fitar da lissafin da ya fi kowane muhimmanci a duhu. Riƙe madubin nesa da fuskarka, ka fuskanci haske, za ka ga ɗan ɗigon haske a tsakiyar gilashin baya. Ta wannan ɗigon kaɗai hoto ke shiga idonka. Faɗinsa shi ne faɗin gilashin gaba a raba da ninkin kusantarwa. Gilashin 40 a ninki 9 yana ba da milimita 4.4. Juya shi zuwa ninki 6, ɗigon ya zama 6.7. Gilashin 50 a ninki 7 yana ba da 7.1, na 56 a ninki 8 kuma 7 cif. Shi ya sa maharban Jamus da Ostiriya, masu zaman jiran aladen daji da farin wata, suka daɗe da riƙon 8x56.

To me ya sa 7? Ƙwayar idon matashi tana buɗewa kusan milimita 7 a duhu. Da shekaru suka ja, buɗewar tana raguwa, har mai shekara hamsin zuwa sittin yakan tsaya wajen milimita 5. Idan ɗigon madubi ya fi ƙwayar idonka ƙanƙanta, hoton zai dushe. Idan ya fi ta faɗi, rarar hasken a gefen ido take zuba, ba ta ƙara maka komai sai sauƙin samun hoto da sauri, wanda shi ma ba abin rainawa ba ne idan kana sauri. Abin nufi a nan, dattijo mai shekara sittin ba zai ci cikakkiyar moriyar 8x56 ba. Gilashin 50 a ninki 10, ko 44 a ninki 8, ya ishe shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen 6-24x50. A kanti yana burgewa. A fili, da almuru, mutum ya murɗa shi zuwa 24, ɗigon ya koma milimita 2, hoton ya yi baƙi, ga rawar hannu ta ninku. Mafi muni ma ƙasan ne: ninki 6 ya yi yawa ga koyotin da ya ɓullo a yadi 40 yana sassarfa. A ninki 3 kana ganin fili mai faɗin ƙafa 33 zuwa 35 a nisan yadi 100, a ninki 6 rabin haka. Za ka yi ta lalube da bakin bindiga, kafin ka same shi ya shige ciyawa. Ga mai garke, zangon da ya dace shi ne 2.5-10, ko 3-12, ko 3.5-10, da gilashin gaba 50 ko 56. Bar shi a ninki 3 ko 4 yayin jira. Ƙarawa tana da lokaci idan dabbar na nesa, ragewa ba ta da shi idan ta zo kusa.

Girman gilashin gaba yana da nasa kuɗin. Na 56 yana karɓar haske kusan ninki biyu na na 40, amma yana da nauyi, kuma dole a ɗora shi a kan zobba masu tsawo don kada ya taɓa bututun bindiga. Da madubi ya yi sama, kumatunka ya rabu da gindin bindigar, kanka ya riƙa yawo, harbi ya watse. Maganinsa matashin kumatu da ake ɗaurawa a gindin. Idan ba ka son wannan wahalar, tsaya a 50.

Kaurin bututun madubi kuwa, inci ɗaya ko milimita 30 ko 34, ba ya ƙara haske, duk da abin da ake yawan faɗa. Abin da yake ƙarawa shi ne filin murɗa saiti sama da ƙasa, abin da mai harbin yadi 200 ba ya buƙata. Kada ka biya ƙarin kuɗi dominsa.

Gilashin kansa

A nan ne kuɗi ke aiki. Duk inda haske ya ratsa fuskar gilashi tsirara, kusan kashi 4 cikin 100 yana komawa baya. A ce madubi yana da gilasai takwas a ciki, wato fuskoki 16: kusan rabin hasken ya salwanta kafin ya iso ido, kuma wanda ya salwantan ba ɓacewa yake yi ba, yawo yake a cikin bututun yana sa hoton ya yi hazo. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya samar da siririn shafin da ke rage wannan asarar. Shafi mai hawa-hawa na yau yana mayar da ita ƙasa da rabin kashi ɗaya a kowace fuska, shi ya sa madubai masu kyau ke wuce da fiye da kashi 90 na haske. A jikin kwali nemi inda aka ce an yi wa dukkan fuskokin gilasai shafi mai hawa-hawa, wanda ake taƙaitawa da FMC. Idan an ce an shafa kawai ba a ce duka ba, mai yiwuwa gilashin waje kaɗai aka taɓa.

Amma kada ka rataya a kan alƙaluman da kamfanoni ke bugawa. Wani a gilashi ɗaya ya auna, wani a launin haske ɗaya, kuma ido ba ya bambance kashi 91 da 93. Abin da ke raba madubi mai kyau da na banza da almuru shi ne iya fitar da toka-toka daga cikin toka-toka, domin koyoti launin busasshiyar ciyawa ne. Madubin 42 mai gilashin ƙwarai yakan doke 56 mai araha. Idan kuɗi ya gaza, rage ninkin kusantarwa, ka bar maɓallan ado, ka zuba abin da ya rage a gilashi. Leupold VX-3HD 3.5-10x50 da Trijicon AccuPoint 2.5-10x56 misalai ne na tsarin da ake nufi. Meopta ta ƙasar Cek, da Zeiss da Swarovski da Schmidt & Bender duk suna yin irinsa, farashin ne ya bambanta.

Alamar saiti

Sau da yawa ba dabbar ce ke fara ɓacewa ba, layin saitin da ke cikin madubi ne. Siririn baƙin layi a kan jikin dabba mai duhu, a gaban kurmi mai duhu, babu shi. Hanyoyi biyu ne. Ta farko layuka masu kauri daga gefe da suke sirancewa a tsakiya, irin Duplex da Leupold ta fitar a 1962, ko samfurin Jamus mai lamba 4, mai sanduna uku masu kauri, hagu da dama da ƙasa, waɗanda ke jan ido zuwa tsakiya ko da tsakiyar ba ta ganuwa. Ta biyu ɗigo mai haske a tsakiya. Mafi kyau a haɗa su.

Wajen duba mai haske, mutane sukan gwada iyakar ƙarfinsa. Akasin haka za ka gwada. Shiga ɗaki mai duhu, ka sa shi a mataki na ƙasa. Idan ɗigon ya yi kaifi kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ya yi. Idan ya yi tartsatsi, ko jan haske ya cika bututun, ajiye shi: zai tsuke maka ƙwayar ido ya rufe abin da kake son gani. Haka nan guji wanda dukkan layukansa ke kamawa da wuta. Ɗigo kaɗai, ko ɗan ƙaramin giciye a tsakiya. Yana da amfani a samu maɓalli mai wurin kashewa tsakanin kowane mataki biyu, don dannawa ɗaya ta mayar da kai inda ka saba. Yawancinsu batirin CR2032 suke ci, sanyi kuma yana karya shi, sai ka ajiye na ko-ta-kwana a aljihun ciki. AccuPoint ba ya amfani da batir, da zaren tara haske da sinadarin tiritiyam yake aiki, sai dai tiritiyam yana dushewa a hankali, rabin ƙarfinsa na tafiya cikin kimanin shekara 12.

Akwai madubin da alamar saitinsa ke girma da ƙanƙancewa tare da ninkin kusantarwa, ana ce masa FFP, akwai wanda tasa ba ta canzawa, SFP. Na farkon na masu harbin nesa ne. A ninki 3 alamarsa takan zama kamar zaren gizo, daidai lokacin da kake buƙatar ta fito. Ɗauki SFP.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Tazarar ido daga gilashin baya ta kai inci 3 zuwa 4. Maɓallan saiti su zama masu murfi, domin bindigar gona a mota take kwana, tana gogar kujera da shinge. A cika bututun da iskar naitirojin ko argon don kada ya yi raɓa daga ciki. Maɓallin gyara hoto na gefe ba dole ba ne a ƙasa da ninki 12.

Gwajin da ya fi na kanti

Fitilun kanti suna rufa wa kowane madubi asiri. Saya a inda za su karɓa idan ka mayar, kuma kada ka ɗaura zobba tukuna, domin tabonsu kan hana mayarwa. Yanka kwali girman kare matsakaici, ka lulluɓe shi da tsohon buhun algarara ko bargo mai launin ƙasa, ka jingina shi a bakin ciyawa a yadi 150, inda inuwa ta fi. Ɗora madubin a kan buhun yashi, tare da na aboki idan akwai, duka a ninki ɗaya. Daga faɗuwar rana, duba kowane minti biyar, ka rubuta abu uku: lokacin da ka daina ganin kunnuwan kwalin, lokacin da alamar saiti ta ɓace, da lokacin da siffar gaba ɗaya ta narke. Na farkon shi ne iyakarka ta gaskiya. Sannan juya wajen yamma inda sama ke da sauran ja, ka ga ko hoton zai yi fari-fari. Madubi mai arha a nan yake tona kansa. Tsakanin mai kyau da matsakaici bambancin yakan zama 'yan mintuna ne, amma a cikin mintunan nan koyoti ke fitowa.

Ɗorawa da saiti

Zaɓi zobba mafi gajarta da za su bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin bakin madubi da bututun bindiga, har da murfinsa. Goge mai daga kusoshin. Ɗora madubin ba tare da ɗaurewa ba, ka sa rigar sanyin da za ka fita da ita, ka murɗa zuwa ninki mafi girma, ka rufe ido ka ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, sannan ka buɗe. Idan ba ka ga cikakken da'ira ba, matsar da madubin, ba kanka ba. Daidaita layin tsaye da igiyar da ka rataya wa dutse. Ɗaure kusoshin zobba bi da bi, kaɗan-kaɗan, da sukudireba mai auna ƙarfi. Yawancin kamfanoni suna cewa inci-fam 15 zuwa 18, amma bi abin da ke takardar naka. Matsewa fiye da kima tana lotsa bututun, maɓallin ninki ya yi tauri, saiti ya ƙi zama, mutum ya yi ta zagin madubi alhali hannunsa ne. Daga ƙarshe kalli sama fili, ka murɗa zoben gilashin baya har alamar saiti ta fito tar a kallon farko.

Fara harbi a yadi 25 don ka hau takarda, sannan ka koma 100. A madubin da aka rubuta 1/4 MOA (ma'aunin kusurwar saiti), ƙas huɗu na maɓallin saiti suna matsar da harsashi kusan inci ɗaya a yadi 100, a yadi 25 kuwa sai ƙas 16. Harba uku, ka gyara daga tsakiyar rukunin, ba daga ramin ƙarshe ba. Da bindiga mai cin .223 Remington, da harsashi mai nauyin giren 55, wanda ke fita da gudun kusan ƙafa 3,240 a daƙiƙa, idan ka sa ya faɗa inci ɗaya da rabi sama da tsakiya a yadi 100, zai zo daidai a 200, ya sauka kusan inci 7 a 300. Na .22-250 ya fi shi miƙewa, saukarsa a 300 kusan inci 5. Amfanin wannan saitin shi ne daga bakin shinge har ɗan gaba da yadi 200 a tsakiyar ƙirji za ka ɗora, babu lissafi a duhu. Wurin kisa a jikin koyoti bai wuce tafin hannu da yatsunsa ba, bayan kafaɗa kaɗan. Iska mai gudun mil 10 a sa'a daga gefe tana ture harsashin .223 inci 4 zuwa 5 a yadi 200, kusan 11 a 300, kuma da almuru ba ka ganin kaɗawar ciyawa balle ka kimanta ta. Wannan ma dalili ne na tsayawa a 200.

Inda gilashi ya ƙare

Madubin gilashi ba ya ƙirƙirar haske, abin da ya samu yake wucewa da shi. Kimanin rabin sa'a zuwa minti arba'in bayan faɗuwar rana, idan babu farin wata ko ƙanƙara a ƙasa, mafi tsadarsa ma ya gama aiki. Idan kisan a tsakar dare ake yi, kuma doka ta yarda, zaɓi uku ne. Mafi araha fitila ja ko koriya da ake ɗaurawa a kan madubin. Sai madubin dare na lantarki mai fitilar infirared: ta nanomita 850 (tsawon zangon haskenta) ta fi nisa amma bakinta na ɗan ja, ta 940 ba ta cika nunawa ba amma gajeriya ce, kuma hazo ko ciyawar da ke kusa na mayar da hasken cikin ido. Na uku madubin zafin jiki, irin na Pulsar ko AGM. Mai ƙwayar hoto 384x288 shi ne mafi ƙarancin da ya dace da yadi 150 zuwa 200, mai 640 ya fi fitar da siffa. Ba ya gani ta gilashin mota. Kuma nisan da ke jikin kwali na hango ɗumi ne, ba na gane dabba ba, na biyun ya gaza na farkon nesa ba kusa ba. Waɗannan na'urori suna ƙarƙashin dokar hana fitar da kaya daga Amurka sai da izini, don haka ba tsarabar da za a saka a jaka a tafi da ita gida ba ce.

Haɗarin na'urar zafi a gona shi ne komai fari yake fitowa. Ɗan maraƙi a kwance, da karen gadi irin Akbash ko Anatoliyan da ke kwana cikin tumaki, da karen maƙwabci, duk dunƙulen haske ne daga nesa. A Arizona da New Mexico akwai kyarkecin Meziko, a gabashin North Carolina akwai jan kyarkeci, dukansu doka ta kare su, kuma an sha harbinsu bisa zaton koyoti ne. Koyoti yana tafiya da jela a ƙasa, bakinsa siriri, kunnuwansa a tsaye masu tsini, yana sassarfa a miƙe kamar mai aike, yana tsayawa yana waiwaye. Kare yakan ɗaga jela ya yi ta kewaye-kewaye. Idan ba ka ga waɗannan da idonka ba, cire yatsa daga kunama. Harsashin .223 da ya kuskure yana iya tafiya fiye da mil biyu, saboda haka tun da rana za ka tsayar da kusurwoyin da ke da tudu ko gangare a baya, da waɗanda ke kallon gida ko hanya ko garken kansa, kuma ba a harbin dabbar da ke tsaye a kan tsauni sama na bayanta. Ɗaure karnukan gadi, ko ka sa musu abin wuya mai fitila, a daren da za ka zauna.

Binciken da aka yi a tashar Hopland ta Jami'ar Kalifoniya ya nuna yawancin kisan tumaki aikin ma'auratan da ke riƙe da yankin ne, ba kowane koyoti da ya gifta ba. Ke nan wurin zamanka kusa da gawar jiya ne, ko hanyar da ke shiga makiyaya, iska na busowa daga wajensu zuwa gare ka, ba yawon neman kowane mai jela ba. Mako biyu kafin tumaki su fara haihuwa, sake gwada saitin da harsashin da za ka yi aiki da shi, ka canza batir, ka hure ƙurar gilashi kafin ka goge, domin yashi a ƙarƙashin tsumma shi ke kankare shafin da ka biya. A daren sanyi kuma ka riƙa fitar da numfashi gefe, hucin baki ɗaya ya isa ya rufe gilashin baya na tsawon daƙiƙun da kake da su.